Ɓeran da Bai Ci Waya Ba

Duk kun taso kuna jin labarin ɓeran da ya ci wayar motar Yaya Garba. 'Ya'yana sun ji shi, 'ya'yan Yaya sun ji shi, yanzu har jikoki suna ba da shi da ƙari, wai ɓeran ya kai girman ɗan akuya. Na daɗe ina jin ku ina yin shiru. Yanzu gwiwa ta ƙi, ido ya rage, Yaya kuma ya riga mu gidan gaskiya. Shi ya sa na ce Rabi, autata, ta ɗauko biro ta zauna. Ban yi boko ba, ban kuma iya doguwar magana ba. Abin da ya faru zan faɗa, ta rubuta.

A shekarun nan ne da mota ke kwana uku a layin mai, takin zamani kuwa sai dai ka ji labarinsa a rediyo. Kafin nan na yi zama a Kano wajen wani mai gyaran wayar mota. Na fara da wanke masa kayan aiki, har na kai ina bin waya daga batir zuwa ƙwan fitila ba tare da na tambayi kowa ba. Da abubuwa suka tsaya, masu motoci suka jingine su, maigidana ya rufe rumfa ya koma garinsu. Na dawo gida da filaya ɗaya, sukundireba biyu, da wani ƙwan fitila da na ɗaura wa waya biyu don gwaji. Iyakar abin da birni ya ba ni ke nan. Na karɓi fartanya na shiga gandu a bayan Yaya.

Gonarmu kun san ta, ba ta da faɗi. A nan wajenmu gona tana jikin gona, in ka yi tari a taka maƙwabci zai ce maka sannu daga tasa. Bakin ci ya yi yawa, ƙasa ta gaji. Babanmu ya rasu, Yaya ne babba, Inna kuma tana nan da ƙarfinta da bakinta. A bazarar shekarar Yaya ya yanke shawarar da ta girgiza gidan: ya kai shanun huɗarmu guda biyu kasuwar Ɗambatta ya sayar, ya haɗa da abin da ya tara, ya dawo da mota. Tsohuwa ce 'yar Kwatano, ruwan toka, mai dogon baya, irin wadda ake kwantar da kujerun baya a jera buhuna. Inna ta fito ta zaga ta sau ɗaya, ta taɓa ƙarfen, ta ce:

“Wannan ba ta ba da taki.”

Ta juya ta koma ciki. Amma motar ta ci da mu. Akwai wani Alhaji daga Ɗambatta da ke bin ƙauyuka yana sayen wake, shi ya riƙe Yaya. Sau biyu a mako Yaya zai loda masa buhuna da asuba ya kai kasuwar Dawanau a Kano, da yamma ya dawo da fasinja ko ya dawo wayam. Mai kuwa wajen 'yan bumburutu yake saye duk inda ya samu, ya cika jarka biyu ya ajiye su a can ƙarshen but, wato mazubin kaya na baya, daf da ƙofa. Da wannan tafiya ake sayen gishiri da manja da maganin Inna. Huɗa kuma muka koma yi da hannu.

A gefen sitiyari akwai wani makunni mai hoton fitila da wasu layuka. Yaya ya danna shi wata rana da fitilun gaba a kunne, sai ga wata jar fitila ta kama a baya, mai ƙarfi ƙwarai, ta fi ta birki haske. Fitilar hazo ce, irin wadda Turawa ke sa wa motocinsu don na baya ya hango su in gari ya rufe. Yaya ya so ta. Hanyar Kano cike take da manyan motoci, shi kuma da duhun asuba yake fita, ga damina ta kawo kai. Abu ɗaya ne ya ɓata masa rai: ta ɓangaren direba kaɗai ke kamawa, ɗayan ɓangaren duhu. Direbobin tasha suka sa wa motar suna Mai Ido Ɗaya. Yana shigowa sai su rufe ido guda su ɗaga masa hannu. Yaya mutum ne mai jiki da son girma, bai iya ɗaukar irin wannan ba.

Matarsa Hanne ce ta tsokano ni. Tsakanina da ita akwai wasan ƙanin miji, kuma ba ta raga mini. Ina wanke ƙafa a bakin rijiya ta ce:

“Injiniyan fartanya, an ce ka yi shekaru a birni kana cin waya. Ga motar yayanka da ido ɗaya, ko sai mun kira mai maganin gargajiya?”

“In na gyara me za ki ba ni?”

“Ƙanzon tukunya. Ya fi ƙarfinka ma.”

Da yammar nan na buɗe gidan fitilar dama. Na ga gurbin ƙwai, amma babu ƙwai, babu waya, babu ko alamar inda aka taɓa yanke wata. Da ina da natsuwa da na tsaya a nan na tambayi kaina dalili. Motocin da na koyi aiki a kansu ba su da irin wannan fitila, sai na ɗauka an sace wayar ne a hanya. Na samo wata jar waya da ta rage mini, na jona ta a jikin ta hagu, na bi da ita ta ƙarƙashin shimfiɗar roba a bakin but har zuwa dama, na cusa ƙwai na ɗaure. Aikin bai kai tafasar ruwan shayi ba. Aka danna makunni, ido biyu suka kama jajur. Yaya ya dafa kafaɗata. Hanne ta kawo mini ƙanzon da gaske, har da ƙuli a kai. Na yi kwanaki ina tafiya kamar ni na ƙera motar.

Bayan kamar wata guda, ruwa ya zauna, muna tsakiyar noman farko, sai Yaya ya fara ƙorafi wai fitilar tana mutuwa a hanya. Na duba na ga fiyus ya ƙone. Fiyus ɗan ƙaramin abu ne mai siririn ƙarfe a ciki, aikinsa ya tsinke in wuta ta yi yawa, don kada waya ta ɗauki zafi. Na sa masa wani. Kwana uku ya sake ƙonewa. Na ba shi na ƙarshe da nake da shi, na ce in mun gama noma zan zauna a kanta. Daga nan ban sake jin ƙorafi ba, na ɗauka ta warke da kanta. Waya ba ta warkewa da kanta, na san haka, amma bayana yana ciwo, hankalina yana kan ciyawa.

Wata Laraba da yamma ya dawo daga Dawanau, na je taya shi sauke jarkoki. Ina ɗaga ƙofar baya wani wari ya bugi hancina. Ba warin mai ba ne, shi na saba da shi. Warin robar waya ce da ta ji wuta. Wanda ya yi aikinmu ko a barci ya ji wannan wari zai tashi zaune. Na zaga gaba, na durƙusa ƙarƙashin sitiyari, na buɗe akwatin fiyus. A gurbin na fitilar hazo sai na ga ƙonannen fiyus an naɗe shi da farar takardar nan mai ƙyalli ta cikin kwalin taba, an mayar. Haka direbobin tasha ke yi in fiyus ya dame su. Takardar ba ta tsinkewa, wuta ta yi ta wucewa komai yawanta. Robar da ke kewaye da gurbin ta yi baƙi ta lanƙwashe.

Yaya ya riga ya shiga cikin gida. Washegari akwai lodin Alhaji. Na san in na yi masa magana zai ce in bari ya dawo, kuma na san jarka biyu na mai za su bi shi a baya. Na kwance batir na ɗauke shi a ka, na shiga ɗakin Inna na tura shi ƙarƙashin gadonta. A gidanmu babu mai sa hannu a ƙarƙashin gadon Inna sai da izininta. Tana zaune a kan tabarma tana jan carbi, ta dube ni ta dubi batir.

“Iro, me ka kawo mini?”

“Ajiya ce, Inna. Kada ki ba kowa.”

“Ko yayanka?”

“Shi ne ma kowan.”

Da safe bayan an idar da sallah, masu lodi suka iso da buhuna a amalanke, mutane suna fitowa daga masallacin da ke kusa da gidanmu. Yaya ya murɗa makulli, mota ta yi shiru. Ya buɗe gaba ya ga gurbin batir wayam. Bai tambayi kowa ba, kai tsaye ya juyo wajena.

“Ina batir?”

“Motar nan ba za ta fita yau ba.”

“Kai ne ka saye ta?”

“Shanun da aka sayar har da rabona.”

“Iro, kayan mutane ne a ƙasa. Ɗauko mini batir kafin raina ya ɓaci.”

A nan na yi abin da har yau nake jin nauyinsa. Da na ja shi gefe na nuna masa, da ya fi. Sai na zaro fiyus ɗin daga aljihu na ɗaga shi sama a gaban liman da dattawa da masu lodi, na ce:

“Jama'a ku gani. Wanda zai naɗe fiyus da takardar taba ya ɗora mai a kai, bai kamata a ba shi ko amalanke ba, balle mota.”

Wani ya yi dariya, wani ya ce subhanallahi. Yaya ya girme ni da shekara tara, shi ya ɗauke ni a wuya ranar da aka yi mini kaciya. Ya tsaya yana kallona. Bai ɗaga hannu ba. Ya wuce cikin gida, na bi shi. Inna tana bakin ƙofarta, ta riga ta ji komai. Ba ta kiran sunan Yaya, ɗan fari ne, sai dai ta ce Babba.

“Babba, takardar me aka ce?”

“A tasha na tsinta, Inna.”

“To. Allah ya sa tsintuwa ce.” Ta juyo gare ni. “Kai kuma mai baki, batir yana inda ka sa shi. Na ba ka yau da gobe. In ka samo ciwon motar, to. In ba ka samo ba, ka mayar masa da abinsa, ka kuma je ƙofar masallaci inda ka tsinka shi ka ba shi haƙuri.”

Kafin hantsi Alhaji ya aiko da wata mota ta kwashe wakensa. Yaya yana zaune a zaure yana kallo.

Na tura motar ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, na sauke jarkoki na kai su nesa, na mayar da batir. Dabarar da maigidana ya koya mini ita ce: ka cire fiyus, ka sa ƙwan gwaji a gurbinsa. In layin lafiya yake, ƙwan zai yi ɗan ja-ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa. In kuwa akwai inda waya ta fashe tana taɓa ƙarfen mota, zai haska fari tas. Na sa, na kunna fitilu, na danna makunni. Ƙwan ya yi ɗan ja-ja. Babu ciwo. Na zare makunnin na duba bayansa, lafiya. Na ciro ƙwan fitilar hagu, lafiya, gurbinsa babu tsatsa. Na bi dunƙulen wayoyin da suka taho daga gaba, ta gefen kujerar direba, ta ƙarƙashin dokin ƙofa, ina ɗaga roba ina murza kowace waya da yatsa, ina leƙen ƙwan. Ko ƙyaftawa bai yi ba. Kuma ba na iya barin fitilu a kunne da daɗewa, don batir zai sauka, ga shi ba mu da man da za mu ɓata wajen tayar da inji. Sai in kunna, in murza, in kashe, in matsa gaba.

Hanne ta kawo mini kunu da azahar, ta ajiye a kan tudu ba tare da ta dube ni ba.

“Injiniya, yau dai miyar babu manja. Ka gaya wa wayarka.”

Ba wasa a muryarta wannan karon. Na sha kunun na koma ƙarƙashin mota. Har rana ta faɗi ban sami komai ba. Ku lura da wannan, don shi ne zuciyar labarin: duk wayar da Bature ya sa a motar nan na tuhume ta, na murza ta, na shinshina ta. Guda ɗaya ce ban ɗaga shimfiɗa na duba ba, ita ce wadda na sa da hannuna. Ko a raina ban kawo ta ba.

Washegari Juma'a. Na sake bin layin tun daga farko, ban ga komai ba. Na fara shirya kalmomin da zan faɗa a ƙofar masallaci. Wajen hantsi Inna ta fito da 'yar kujerarta ta zauna a inuwa, tana gyaran zogale a faranti. Can ta ɗago ta ce:

“Wai yaushe take mutuwar ne?”

“A hanya, Inna. In ya kunna ta.”

“Ranar da ya kai ni asibiti ai da asuba muka fita, ana yayyafi. Na ga ya danna abin. Har muka je muka dawo bai yi tsaki ba. In ta mutu tsaki yake yi, na san shi.”

“Ku nawa ne a motar?”

“Ni da shi da Hanne. Sai kwanon abinci.”

Na ajiye filaya. Ranar ba kaya a baya. Duk ranar da fiyus ya ƙone kuwa ranar lodi ce, a hanyar zuwa, ba a hanyar dawowa ba. Ni kuma kwana biyu ina gwada mota wayam. Buhunan Alhaji sun tafi, rumbunmu kuma a wannan lokaci na shekara ba abin da ya rage a ciki sai 'yan damman da ake lallaɓawa. Abu mafi nauyi da ya rage a gidan yana zaune a zaure yana fushi da ni. Na je na tsaya a bakin ƙofa.

“Yaya, ina son ka zo ka zauna a but.”

“Bai ishe ka ba? Yanzu kuma buhu ka mayar da ni?”

“Buhu biyu ma. Don Allah ka zo.”

Inna ta ɗaga murya daga waje: “Babba, zo ka zauna masa. Ai ba a kanka za a ɗora wake ba.”

Ya taso yana huci. Na ja ƙwan gwajin da doguwar waya na rataye shi a madubin ƙofa inda Inna za ta gani, na ce ta sa ido, in ya canza ta faɗa. Na kunna. Yaya ya zauna a tsakiyar but, mota ta nutse, ƙwai bai motsa ba. Na ce ya matsa hagu. Shiru. Na ce ya dawo baki-baki, inda ake jan buhu a tura ciki. Ya ja jiki ya sauke nauyinsa a kan bakin but ɗin, ɓangaren dama.

“Ya kama!” in ji Inna. “Ga shi nan fari kamar rana!”

“Tashi, Yaya.”

“Ya koma ja.”

“Zauna.”

“Ya kama!”

Tun kafin in ɗaga shimfiɗar, zuciyata ta riga ta faɗa mini. Wuri ɗaya ne a duk motar da waya ta bi ta nan, kuma na san wanda ya bi da ita. Na ɗaga. Ga jar wayata kwance a kan wata gaɓar ƙarfe mai kaifi, inda aka haɗa faranti biyu na jikin mota. Duk buhun da aka ja ya danna ta a kan kaifin, har ya yanke robar ya kai ga tagulla. Wurin ya narke ya kai tsawon taƙi guda, robar ta yi baƙi ta manne da shimfiɗa. Na tafi inda na ajiye jarkoki, na juya wadda ke zama a ɓangaren dama na duba gindinta. Akwai wani dogon kwari da zafi ya yi a jikin robar, daidai inda take zama a kan wayar. Na danna da babban yatsa, ya lotsa kamar ganye. Tafiya ɗaya ta rage mata, ko biyu.

Na kawo jarkar na ajiye a gabansu. Inna ta shafa wurin, ta ce innalillahi, ta riƙe bakinta. Yaya ya daɗe yana kallon gindin jarkar, sannan ya dubi wayar.

“Wannan ja ce. Na motar ai ba ja ba ne.”

“Tawa ce. Ni na sa ta.”

“Ranar ƙanzo?”

“Ranar ƙanzo.”

Na jira ya rama. Yana da dama, kuma da ya yi ba zan ce komai ba. Sai ya sa hannu a aljihu ya ciro kwalin taba, a gaban Inna, abin da bai taɓa yi ba, ya murƙushe shi ya jefa a kwata.

“Cire ta,” ya ce. “Ta koma ido ɗayanta.”

Na yanke wayar daga inda na jona ta, na naɗe wurin da baƙin salatif sosai, na zare ƙwan dama. Na kankare gurbin fiyus da ya narke, na ari fiyus daga layin rediyon motar, wanda dama ba ya aiki, na sa. Yaya ya sake zama a bakin but, ya yi ta tsalle a zaune har Hanne ta leƙo tana dariya. Fitila ɗaya ta tsaya jajur, ba ta ƙyafta ba.

Na gaya wa Inna cewa bayan la'asar zan tsaya a ƙofar masallaci, a inda na ɗaga fiyus, in ɗaga wayar in faɗi mai ita. Ta ce haka ya dace. Na sa guntun wayar a aljihu. Da aka sallame, mutane suka taru suna neman takalma, wani dattijo ya ce:

“To, Iro, an gano ciwon Mai Ido Ɗaya?”

Na sa hannu a aljihu, na buɗe baki. Yaya ya riga ni.

“Ɓera ne,” ya ce da ƙarfi. “Waken Alhaji yake bi yana shiga but, ya samu waya ya gwaguye. Ni da takardar tabata na kusa ƙarasa masa aikin. Ba don yaron nan ya ɓoye batir ba, da yau kuna zaman makokina. Kwana biyu ya yi yana bin waya ɗaya-ɗaya har ya kamo wurin.”

Ya dafa wuyana ta baya, ya matse, irin matsewar da ke cewa yi shiru. Aka yi ta salati, aka yi ta zagin ɓera. Liman ya sa mini albarka. Hannuna yana cikin aljihu a kan wayar, ban fito da shi ba. Da muka kama hanyar gida, mu biyu, na ce:

“Yaya, me ya sa?”

“Ni an riga an yi mini dariyar, ta wuce. In aka yi maka taka, wa zai sake ba ka wayarsa? Mota ɗaya ba za ta ci da mu duka ba. Ka bar maganar.”

Na bar ta. Inna ta sani, ta tafi da maganar kabarinta. Hanne ba ta sani ba, har kyanwa ta samo ta ajiye a zaure saboda motar, kuma kyanwar nan ce kakar duk kyanwoyin da kuka taso kuna gani a gidan nan.

Abin bai tafi a banza ba. Alhaji bai sake ba Yaya lodi ba, ya riƙe wancan direban. Sauran daminar nan mun ji jiki. Tuwo sau ɗaya a rana, sauran a cika da tafasa da rama. Hanne ta sayar da akuyarta. Yaya ya koma jiran fasinja a tasha, wata rana ya samu, wata rana ya dawo man da ya fita da shi ya ragu, ba komai a hannu. Bai taɓa cewa ni na jawo ba. Sai da kaka ta yi, aka fara kai sabon gero kasuwa, sannan muka miƙe.

Amma labarin ɓera ya yi tafiya. Direban farko da ya zo nemana daga Ɗambatta ya ce an gaya masa akwai mai bin waya a ƙauyen nan da ba ya gajiya. Bayansa wani ya zo, sai mai babur, sai mai injin ban ruwa. Kafin shekara ta zagayo na kafa rumfa a bakin titi. A rumfar nan na ciyar da ku, na aurar da ku, na sake sayen shanun huɗa na kai su gandu na ɗaure ba tare da na ce wa Yaya komai ba. Shi kuma ya dai zaga su ya duba haƙoransu. Kuma tun daga ranar, duk motar da aka dawo mini da ita, aikina nake fara tuhuma kafin na kowa.

Wani tsohon direban tirela ne ya warware mini zancen idon daga baya. Ya ce da gangan ake yin ta guda ɗaya, don na baya kada ya ɗauka birki aka taka. Ashe motar lafiyarta ƙalau, mu ne muka ga bai dace ba. Yaya ya yi shekaru yana tuƙa ta a haka. In marka ta sauko, ruwa ya rufe hanya, sai ya danna abinsa. 'Yan tasha suka ci gaba da rufe masa ido ɗaya, shi ma ya koma rufe musu nasa.

Ban taɓa ba shi haƙurin abin da na faɗa a ƙofar masallaci ba, ban kuma taɓa yi masa godiya ba. Mu ba mu saba da irin wannan ba. Ranar da ciwonsa ya yi tsanani na zauna a gefensa, na so in faɗa, sai ya tambaye ni ko an kai taki gonar gabas. Na ce an kai. Iyakar maganarmu ke nan.

Ba ni da ƙorafi da rayuwa. Na ci, na sha, na ga jikoki. Wannan ɗaya ce ta tsaya mini. Guntun wayar yana cikin gwangwanin da ke ƙarƙashin gadona, ja ne, da baƙi a tsakiya. Rabi za ta nuna wa duk mai son gani. Ku duba da kyau, babu sawun haƙori a jikinsa. Ku 'ya'yan Yaya, ku san irin uban da kuke da shi. Ku kuma nawa, ku san abincin da kuka ci daga bakin wa ya fito. In za ku ba jikokinku labarin, ku yi wa Yaya Garba addu'a, Allah ya haskaka kabarinsa. Ɓeran kuma ku cire shi, bai ci komai ba.